HASKEN RANA A ƊAKIN TALAKA: ƘANANAN NA'URORIN SOLA DA GIDAJEN KARKARA

Jawabin da aka gabatar a babban taron shekara-shekara na ƙungiyarmu



 

GABATARWA

Sa'ad da Sakataren ƙungiya ya kawo mana takardar gayyata, ya ce mu zaɓi duk batun da muka ga ya dace, mutane da dama sun zaci za mu koma kan maganar da muka saba, wato lalacewar azuzuwa da ƙarancin malamai. Ba mu yi nisa da ita ba, domin maganar fitila maganar karatu ce.

Mun shiga kwalejin horon malamai a zamanin da aka ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, a shekarar 1976. Da muka gama aka tura mu ƙauye, da fitilar ƙwai muke shirya darasin gobe, mu kuma duba littattafan yara. Wanda ya yi wannan aiki ya san yadda ake wayar gari da baƙin hayaƙi a hanci da jan ido. Ɗalibanmu kuwa ko fitilar ƙwan ba su da ita, sai aci-balbal, in an yi sa'a akwai kananzir. Har yau ba mu manta da wata yarinya 'yar aji 5 da ta zo mana da littafinta rabinsa a ƙone ba. Barci ya ɗauke ta tana aikin gida, aci-balbal ta kife a kan tabarma, da kyar aka ceci ɗakin.

Yau shekara 40 da ɗoriya ke nan, amma jikokin waɗancan ɗalibai da ke ƙauyukan da ke kewaye da mu har yanzu ba su ga wayar lantarki a ɗakunansu ba. Wannan ƙungiya ta yi karo-karo har sau 2 domin gyaran taransifomar cikin gari, Allah Ya saka wa kowa da alheri. To, amma ku da kuka biyo ta hanyar gabas kun ga falwayoyin nan da aka kakkafa tun wata kakar zaɓe, suna tsaye ba waya, sai balbelu ke sauka a kansu. Wane ne a cikinmu bai taɓa buga wa mahaifiyarsa waya ba ya ji ta a kashe har kwana 2, hankalinsa ya tashi, ashe wayar tana can wurin mai caji a kasuwa?

Abin da muke so mu tattauna a kansa yau shi ne ƙaramar na'urar nan mai aiki da hasken rana, wadda jama'a ke kira sola, irin ta gida ɗaya. Za mu duba yadda take, da abin da wasu ƙasashe irin tamu suka yi da ita, da inda suka yi tuntuɓe, sa'an nan mu kawo shawara.

GIRMAN MATSALAR

Rahoton da Bankin Duniya da wasu hukumomi suka fitar a shekarar 2025 ya nuna cewa a shekarar 2023 akwai mutum miliyan 666 a duniya da ba su da wutar lantarki, kuma kashi 85 cikin 100 nasu suna Afirka kudu da Sahara ne. A cikin dukkan ƙasashen duniya, Nijeriya ce ta fi kowa yawan irin waɗannan mutane, sama da miliyan 85, mafi yawansu mazauna karkara.

Ba don ba a yi ƙoƙari ba. An kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, aka kafa NEPA a 1972, aka sauya mata suna a 2005, aka kuma sayar da kamfanonin rarraba wuta ga 'yan kasuwa a watan Nuwamba na 2013. Duk da haka, wutar da ake rabawa a babban layin ƙasa yawanci ba ta wuce megawat 4,000 zuwa 5,000, ga al'ummar da ta haura miliyan 200. Ku da ke zaune a birane shaida ne kan yadda ake kawo ta ana ɗaukewa. Ɗan kasuwa kuwa lissafi yake yi. Ba zai ja waya kilomita 15 domin gida 30 da ba za su kunna komai ba sai ƙwai da rediyo. Saboda haka wanda ya ce wa mutumin ƙauye ya jira layi ya iso, ya kamata ya gaya masa cewa jiran zai yi tsawo.

Zama cikin duhun kuma ba kyauta ba ne. Kananzir da gwamnati ta daɗe tana ƙayyade wa naira 50 a lita, zuwa farkon 2023 ya haura naira 1,000. Gidaje da yawa sun koma tocila da 'yan fitilun roba masu batir, waɗanda ke cin kuɗi duk mako, ba sa kuma shekara. Ga kuɗin cajin waya, ga tafiyar kai ta da ɗauko ta. Talakan ƙauye yana biyan kuɗin wuta, sai dai kaɗan-kaɗan yake biya, don haka ba ya ganin jimillar.

MECE CE ƘARAMAR SOLA?

Abubuwa 4 ne suka haɗu suka yi ta. Na farko faranti, wanda ake ɗorawa a rufin ɗaki, yana mai da hasken rana wutar lantarki. Na biyu batir, wanda shi ne rumbun da ake tara wutar da rana domin a ci da dare. Na uku 'yar na'urar da ke daidaita caji, mai hana batir cika fiye da ƙima ko ƙarewa ƙaf. Na huɗu ƙwayayen fitila da wurin cajin waya, wani lokaci har da rediyo. Akwai ƙarama ƙwarai mai ƙwai ɗaya wadda yaro zai ɗauka a hannu, akwai ta wat 10 zuwa 20 mai haska ɗaki 3, akwai kuma ta wat 50 zuwa sama mai ɗaukar fanka da ƙaramar talabijin.

Bari mu yi lissafi irin na 'yan aji 6. A ƙasarmu ta Arewa ana samun kimanin awa 5 zuwa 6 na rana mai ƙarfi a yini. Farantin wat 20 in ya sha rana awa 5 ya tara 100. A cire abin da ke zubewa a waya da batir, a ce saura 70. Ƙwai 3 masu wat 3, in aka kunna su daga magariba har awa 5, sun ci 45. Saura 25, wanda ya isa cajin waya 2. Ke nan an haska ɗakin maigida, da na uwargida, da tsakar gida, yara sun yi karatu, an ga kunama kafin a taka ta.

Wannan lissafi kuma shi ne ke nuna mana iyakarta. Dutsen guga ɗaya yana cin kimanin wat 1,000. Ƙaramar sola ba ta ɗaukarsa, ba ta ɗaukar abin dafa ruwa, ba ta juya injin niƙa ko na ban-ruwa. Duk mai sayarwar da ya ce muku za ta yi, to, neman kuɗinku yake yi.

Wannan fasaha ba sabuwa ba ce. A 1954 masana a Amurka suka ƙera farantin farko mai amfani, amma saboda tsadarsa sai a taurarin ɗan'adam aka fara aiki da shi, tun daga 1958. A nan maƙwabtanmu ma, Farfesa Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa a Jamhuriyar Nijar, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shugabanci hukumar binciken makamashin rana ta ƙasarsu tun daga 1969, yana jan hankalin Afirka ga dukiyar da ke saukar mata a ka kullum. Ya rasu a 1991, kafin abin ya yi arahar da talaka zai iya saye. Abubuwa 2 suka kawo arahar. Tsakanin 2010 da 2020 farashin faranti ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100, musamman saboda yawan ƙera shi a ƙasar Sin. Sa'an nan aka samu sabon ƙwan fitila mai cin wuta kaɗan, wanda na wat 9 ke ba da hasken tsohon ƙwai na wat 60. Masana 3 haifaffun Japan da suka buɗe hanyar ƙera shi sun sami lambar yabo ta Nobel a 2014.

DARASI DAGA BANGALADASH

Idan ana maganar sola a gidajen karkara, babu ƙasar da ta kai Bangaladash abin koyi. Ƙasa ce a kudancin Asiya, mafi yawan mutanenta Musulmi, mutum kimanin miliyan 170 a ƙasar da faɗinta bai kai kashi ɗaya cikin 6 na Nijeriya ba. Koguna sun rarraba ta, har jan waya zuwa wasu ƙauyuka ya zama babban aiki. A shekarar 2003 ƙasa da kashi 30 cikin 100 na mutanen karkararta ke da wuta.

A wannan shekara ce wani kamfanin gwamnati mai suna IDCOL ya fara shirin sola ta gida da tallafin Bankin Duniya. Burinsu na farko gida 50,000 ne cikin shekara 5, sai ga shi sun cim masa tun a 2005. A shekarar 2013 kaɗai an kafa sama da 800,000. Kafin a rufe shirin a 2018 an kafa fiye da miliyan 4, waɗanda suka haska wa mutum kusan miliyan 20.

Yaya suka yi? Kamfanin bai shiga ƙauye da kansa ba. Ya yi aiki ne ta hannun ƙungiyoyi sama da 50 waɗanda ke da rassa a karkara, babbarsu ita ce Grameen Shakti, wadda aka kafa a 1996 a cikin rukunin bankin talakawa na Farfesa Muhammad Yunus. Maigida zai ba da kafin alƙalami kamar kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na farashi, ya biya saura wata-wata har zuwa shekara 3. An kafa kwamitin da ke tantance kaya, ba a yarda a kafa faranti ko batir da bai amince da shi ba. Faranti yana da garanti na shekara 20, batir na shekara 5. Akwai masu bincike da ke zagayawa suna duba aikin da aka yi. Abin da ya fi burge mu shi ne, ma'aikacin da ke zuwa karɓar kuɗin wata shi ne ke duba na'urar. In ta lalace bai gyara ba, maigida ba zai biya ba. Ta haka gyara ya zama dole ga mai sayarwa. Har ila yau an horar da mata da dama kan haɗa ƙananan kayan da gyara su, waɗanda ke iya shiga cikin gida inda namiji baƙo ba zai shiga ba. Mu da muke da al'adar kulle mun san muhimmancin wannan.

To, amma labarin bai ƙare a nan ba. Daga 2014 ciniki ya fara ja da baya, kuma dalilai 3 ne suka jawo haka. Gwamnati ta shiga jan babban layi zuwa ƙauyuka da gaggawa, wanda wuta ta iso masa kuwa sai ya ga ba dalilin ci gaba da biyan bashin sola. Kasuwa ta cika da kaya masu araha marasa garanti. Daɗin daɗawa, an shiga raba sola kyauta a ƙarƙashin wasu shirye-shiryen agaji na gwamnati. Mutumin da ke biyan bashi wata-wata ya ga an ba maƙwabcinsa kyauta, sai ya noƙe. Karɓar bashi ta yi wuya, ƙungiyoyi suka rufe rassa, masu gyara suka watse. A watan Maris na 2022 gwamnatin ƙasar ta ba da sanarwar cewa wuta ta isa ko'ina.

Mun ɗauki darasi 3 daga wannan. Na ɗaya, talaka yana iya saye in aka sassauta masa biya. Na biyu, kyautar da ba tsari tana kashe tsarin da ke aiki. Na uku, mutanen Bangaladash sun riƙi sola a matsayin gadar da suka bi har babban layi ya iso, ba su daina neman haƙƙinsu ba.

DARASI DAGA KENYA

Mutanen Kenya sun ɓullo wa batun biya ta wata hanya. Tun a 2007 kamfanin Safaricom ya ƙirƙiro M-Pesa, hanyar aika kuɗi ta wayar hannu. A kan wannan ne wani kamfani mai suna M-KOPA, wanda aka kafa a 2011, ya gina cinikinsa. Kalmar kopa a harshen Suwahili na nufin aro ko rance. A farkon shirin mutum yakan ba da kafin alƙalami, ya tafi da na'ura gida, ya riƙa tura kimanin shilin 50 a kullum har shekara guda, sa'an nan ta zama tasa. A cikin na'urar akwai layin waya. Ranar da ba a biya ba sai ta kulle kanta, in an biya ta buɗe. A nan Nijeriya ma, a 2016 kamfanin Lumos ya haɗa gwiwa da MTN ya kawo irin wannan ciniki.

Dabarar tana da kyau ga mai samun kuɗi kullum, kamar mai shayi ko tela. Amma manominmu kuɗinsa na kaka ne. A watan Agusta, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, shi ne lokacin da fitilarsa za ta kulle. Bugu da ƙari, jimillar abin da ake biya ta fi farashin saye hannu da hannu nesa ba kusa ba. Duk tsarin da za mu kawo gida dole ya yi la'akari da damina da kaka.

ABIN DA MUKA GANI DA IDONMU

Ba sai mun je Asiya ba kafin mu ga yadda kyauta ke mutuwa. A makarantar ƙarshe da muka shugabanta kafin mu yi ritaya, wasu bayin Allah sun kawo mana gudummawar sola, aka kafa a ofis da aji 2. An yi biki, an ɗauki hoto, an yi jawabai, har da namu. Shekara guda yara 'yan ajin ƙarshe suna zuwa bitar dare, mun kuma ga bambanci a jarrabawarsu. Damina ta biyu batir ya mutu. Muka nemi waɗanda suka kafa, sun koma birni. Muka rubuta takarda sama, aka ce ba a kasafta ba. Mu kanmu ba mu tanadi ko kwabo domin wannan rana ba, kuma babu wanda ya koya wa ko malami ɗaya yadda ake kula da ita. Farantan suka zauna a kan rufi suna shan ƙura, har wani dare aka kwance su. Laifin ba na masu kyauta kaɗai ba ne. Mu da muka karɓa ba mu tambayi wa zai gyara ba, da me kuma za a sayi sabon batir. Ku dubi fitilun kan titi masu sola da aka kakkafa a garuruwanmu, ku ƙirga nawa ke kamawa yanzu.

Matsala ta biyu ita ce jabun kaya. Masu iya magana sun ce araha ba ta ado. Za ka ga faranti an rubuta masa wat 50 alhali ko 20 bai kai ba, ko batirin da aka yi wa sabon fenti. Da yawanmu mun sayi irin waɗannan a bakin titi mun kai gida tsarabar Sallah, wata 3 suka mutu. Illar ba asarar kuɗin kaɗai ba ce, tsohon da aka kai wa ya riga ya yanke hukunci cewa sola ƙarya ce. Domin maganin wannan ne Bankin Duniya ya fara wani shiri na gwada ingancin fitilun sola a Afirka tun 2007, wanda sashensa na tantance kaya ya koma suna VeraSol a 2020. Suna da jerin kayan da suka ci gwaji a intanet, kowa na iya dubawa, kuma sharaɗinsu ne a ba da garanti na aƙalla shekara 1 ga ƙananan fitilu, shekara 2 ga na gida. 'Ya'yanmu masu ilmin kwamfuta za su duba mana wannan cikin minti 5.

Matsala ta uku ita ce mataccen batir. Tsofaffin batura da dalma ake yin su. Ba mu manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, inda gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake dakawa a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400. Dalmar da ke cikin batir ita ce dai wannan dalmar. Kada a fasa shi a tsakar gida, kada a bar yara su yi wasa da shi, kada a jefa shi kusa da rijiya. Sababbin na'urori da yawa suna zuwa da batirin litiyam, wanda ya fi daɗewa, amma shi ma ba a jefa shi a wuta.

SHAWARWARI GA ƘUNGIYA

Mai girma Shugaba, ga abin da muke roƙon wannan taro ya duba.

1. A kafa asusu mai juyawa. Maimakon kowa ya sayi tasa a bakin titi, mu haɗa kuɗi mu sayi kaya masu inganci a sari daga wurin da zai ba mu garanti a rubuce. A sayar wa magidanta bashi. Alal misali, in muka fara da guda 50, kowane gida ya biya cikin wata 12, abin da zai dawo a kowane wata ya isa sayen guda 4. Kafin shekara ta zagayo gidajen za su doshi 100, in farashi bai gudu ba. Wannan ba baƙon abu ba ne, adashin iyayenmu mata ne aka sa wa littafi.

2. A tsayar da farashi tun ranar ciniki, ba ƙari in an makara, domin mu nisanci kuɗin ruwa. Muna roƙon malamanmu su zauna da kwamiti su duba sharuɗɗan kafin a fara. A ba manomi damar biya da kaka, ko da hatsi ne a farashin kasuwar ranar. A ba mai sana'a damar biya ranar kasuwa.

3. Kada a raba kyauta barkatai. Marayu, zawarawa da gajiyayyu, a tantance su ta hannun Mai Unguwa da Liman, sa'an nan wani daga cikinmu ya biya musu kuɗin ga asusu a bainar kwamiti. Ta haka sun samu, asusu kuma bai rame ba. Wanda zai saya wa iyayensa, ya biya ta asusun, domin su shiga littafin masu gyara.

4. A tura matasa 4, maza 2 mata 2, su koyo kafawa da gyara kafin a sauke kwali ko ɗaya. A ware musu lada daga kowace na'ura. Su ne za su koya wa masu gida cewa faranti kudu yake fuskanta a ɗan kishingiɗe, ba a ƙarƙashin inuwar darbejiya ba, ana goge shi da tsumma mai laushi, musamman lokacin hunturu da ƙura ke rufe shi, batir kuma a ajiye shi a inuwa domin zafi na rage masa kwana. Su ne kuma za su tattara matattun batura a mayar wa dillali.

5. A ware wani abu kaɗan daga kowane biya a ajiye domin sabon batir, tun da mun san ranarsa za ta zo.

6. A fara da gidajen da ke da 'yan makaranta, da gidajen ungozomomi, da asibitin sha-ka-tafi, inda har yau ake karɓar haihuwa da tocila a baki.

7. A riƙa karanta lissafin asusun a wannan taro kowace shekara, a kuma buga shi a wannan mujalla. Mun san abin da ya kashe asusun taki na shekarun baya, ba sai mun tona ba.

8. 'Ya'yanmu da ke aikin gwamnati su bi mana sawun haƙƙinmu. Akwai Hukumar Samar da Wutar Lantarki a Karkara. A watan Disamba na 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 domin wani shiri da zai kai wutar sola ga 'yan Nijeriya sama da miliyan 17, ta hanyar na'urorin gida da ƙananan tashoshin gari. Dokar wutar lantarki ta 2023 kuma ta ba jihohi ikon tsara harkar wuta a cikin iyakokinsu. Garin da ya je da ƙidayar gidajensa a rubuce, da kwamiti, da asusu mai lissafi, ya fi wanda ya je hannu rabbana samun mai sauraro. Maganar falwayoyin hanyar gabas ma ba za mu bar ta ba, domin masu injin niƙa da masu walda da manoman rani suna buƙatar wutar da ta fi ƙarfin ƙaramar sola.

KAMMALAWA

'Yan uwa, yawancin waɗanda ke zaune a wannan ɗaki da hasken aci-balbal da wutar kara suka yi karatun da ya kai su inda suke a yau. Wasu za su ce tun da mu mun yi, su ma yaran yanzu sa yi. Amma mu da muka riƙe rajista mun san cewa a kowane aji, waɗanda suka kai ga gaci ba su kai waɗanda suka zube a hanya ba. Yarinyar nan mai ƙonannen littafi tana cikin masu ƙoƙarin ajinsu. Bayan gobarar mahaifinta ya hana kunna fitila a ɗakin yara, ba ta kuma gama firamare ba.

Abin da muke nema bai fi ƙarfin wannan ƙungiya ba. Kuɗin da wasunmu ke kashewa a man janareta na wata guda a birni ya isa haska gida a ƙauye na shekaru. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, shi ya sa muka kawo maganar gaban taro. Muna roƙon kada a tashi yau sai an naɗa kwamiti na mutum 5, har da mata 2, an ba su wata 3 su kawo rahoton yawan gidajen da ba su da wuta a kowane ƙauye, da farashin kaya masu garanti, da sunayen matasan da za a tura koyo.

 Inda muka yi daidai daga Allah ne, inda muka yi kuskure a gafarce mu. Allah Ya ji ƙan iyayenmu da malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya haskaka kaburburansu, Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mai da kowa masaukinsa lami lafiya.